Gwiwarka ta Hagu

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a mota, ya sauke ku Legas lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Innarka na ba, ta cusa maka a ƙasan jaka, ƙarƙashin dambun nama, don na san ba za ku wuce Kaduna ba sai yunwa ta sa ka tona wurin.

Ka san ni ba mai dogon zance da kai ba ne. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan ta haɗu mini a kanka. Tun kana ƙarami hirarmu ba ta wuce "miƙo mini sifana" da "tashi an kira salla" ba. Jiya da ka durƙusa kana yi mini sallama, maganar tana bakina, amma abin da ya fito shi ne "Allah ya tsare." To takarda ba ta da idon da zan ji nauyinsa, saboda haka ka yi haƙuri da rubutuna, ka karanta har ƙarshe.

Gwiwarka ta hagu tana ciwo. Kada ka ce a'a, babu kowa a gabanka da za ka yi wa musu. A masallaci na gani. Tun farkon damina kake dafa ƙasa da hannu biyu kafin ka tashi daga sujada, in an zauna tahiya kuma sai ka ɗan zare ƙafar gefe kamar kana gyara wando. Innarka ta ce mini man zafinta yana ƙarewa ba ta san mai shafawa ba, alhali ta sani sarai. Na yi shiru, ta yi shiru, kai ma ka yi shiru, mutum uku a gida ɗaya kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Kuma na san dalilinka. An zaɓe ka cikin waɗanda za a horar don wannan gasa taku ta iyo da keke da gudu a jere, kana tsoron in kocin ya ji kana da ciwo zai ce ka koma gida, a ba wani gurbinka. Ba zan yi maka ƙarya ba, hakan yana iya faruwa. Amma duk da haka so nake ka gaya masa, a ranar da ka isa, kafin ka sa ƙafa a ruwa ko a feda.

Akwai kuma abin da na ji ka faɗa a bakin shago kwanakin baya. Abokanka suna tambayarka jadawalin da kocin ya turo maka a waya, yau iyo, gobe keke, jibi hutu, ka yi dariya ka ce kai dai za ka riƙa gyaɗa masa kai, amma jikinka za ka bi, kamar yadda Babanka ya yi a zamaninsa. Ina sunkuye a kan bahon ruwa ina neman inda tayar wani ta huje. Wallahi Abba ji na yi kamar in tsoma kaina cikin bahon. Labarin Babanka da kake ji a shagon nan rabinsa ne, rabi mai daɗi. Ga sauran.

Lokacin da nake kamar kai, kafin in buɗe shagon gyaran keke, kifi nake ɗauka. Da sassafe masunta su fito da shi daga dam, in ɗaure kwando a bayan keke in nufi Ƙofa, wata rana Bebeji, ran kasuwa har Tudun Wada. Mutane suna tsokanata, wai Bafillace ya bar nono ya koma ƙarni. Kifi kuwa ba ya jiran mutum, in rana ta buɗe ya fara wari an yi asara, saboda haka taka feda nake yi kamar an biyo ni. A haka ƙafa ta yi ƙarfi ban sani ba. Da aka ce za a yi tseren keke tsakanin ƙananan hukumominmu, ko shawara ba a tsaya yi ba, aka ce Buba mai kifi ne zai je.

Ba ni da mai koya mini, kuma ban nema ba. Cewa na yi jikina ne malamina. In na tashi na ji garau, sai in hau in yi ta tafiya har in hango duwatsun Doguwa. In na tashi na ji jiki ya yi nauyi, sai in ce lalaci ne yake son kama ni, in hau in yi abin da ya fi na jiya. Ka duba wannan da kyau. Duk amsar da jikin ya ba ni, fassara ɗaya nake yi mata. Kuma ba ni da ranar tafiya a hankali. Ko na fita da niyyar in ɗan warware ƙafa, da zarar wani ya wuce ni, ko dattijo ne ya ɗauko rake, shi ke nan an fara tsere, shi bawan Allah bai ma san ana yi da shi ba. Akwai ranar da na liƙe wa wani mai babur tun daga Kwanar Ɗangora, har mutumin ya gaji ya tsaya a gefen titi, ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗo daga kayansa. Na ce a'a. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To Allah ya ba ka lafiya," ya ja babur ɗinsa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi tseren, zuciyata ta fara raya mini cewa ban shirya ba, in je in gwada kaina in tabbatar. Na kama hanyar Doguwa, na je wannan dogon hawan da ka sani, na hau na sauko, na sake hawa na sauko, har sai da idona ya fara ganin duhu-duhu. Na dawo gida ina murna, na ce yanzu kam na san ƙarfina. Ran tsere aka sake mu, na yi gaba kamar ni kaɗai aka gayyata. Kafin a kai rabin hanya ƙafafuna suka ce sun gama nasu. Ba ciwo ba ne, babu komai a cikinsu ne kawai, kamar ka karkata tulu ka tarar ba ruwa. Mutanen da nake wucewa da kwandon kifi a baya suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, wani har yana yi mini sannu. Cikin na ƙarshe na shigo.

Tseren nan tun a hawan Doguwa na yi shi, ni kaɗai, babu mai kallo. Abin da nake kira sauraren jiki ba jikin nake saurare ba, zuciyata ce mai son a ce Buba ya fi kowa, da kuma tsoro. Su biyun nan sun fi jiki ɗaga murya. Shi ya sa da na ji kana ƙorafi wai kocin ya rubuta maka ka yi gudu a hankali kamar tsohuwa za ta barka, na so in kira ka gefe. An sa wannan ranar a jadawali ne don babu saurayin da zai zaɓe ta da kansa. Ranar hutu ma haka. In ya ce a hankali, ka yi a hankali, ko da yaro mai tallan ruwa ne zai wuce ka. In ya ce ka kwanta, ka kwanta, kada ka saci jiki ka je ka ƙara. Kuma in gasa ta matso zuciyarka ta ce ka je ka gwada kanka, ka tuna ni a gefen hanya mutane suna yi mini sannu.

Yanzu za ka ce to ai maganar ta ƙare, Baba ya ce a bi takarda. Dakata tukuna, ban gama yin wautar ba.

Cikin masu kallon tseren nan akwai wani malamin motsa jiki da aka kawo wata makarantar sakandare a nan kusa da mu, Malam Sule muke ce masa, Allah ya ji ƙansa. Shi ya neme ni har bakin dam. Ya ce ya ga ƙafata, ƙafa ce ta gaske, tsari ne babu. Ya zauna a kan kifaffen kwale-kwale ya rubuta mini a takarda: ranar wahala, ranar sauƙi, ranar hawa, ranar da ko keken ba zan taɓa ba in ba don kai kifi ba. Da farko na ɗauka raini ne. Amma na sha kunya, kunyar ta sa na bi. Kafin rani ya fita sai ga ni ina hawa wurin da a da nake haki ina iya yin magana. Barci ya dawo, abinci ya dawo. Abba, tsarin nan yana aiki, na gani a jikina.

Daga nan sai na faɗa ɗaya ramin. Takardar ta zama mini kamar farilla. Abin da ta ce shi zan yi, ko ana ruwa, ko ban ci ba, ko me jiki ya ce. Na riga na yanke wa jikina hukunci cewa maƙaryaci ne, tunda shi ya kai ni ya baro a bara. Da damina ta sauka zazzaɓi ya kwantar da ni 'yan kwanaki, ina tashi na koma inda takarda ta tsaya, har ina ƙoƙarin rama kwanakin da na rasa. A nan gwiwata ta dama ta fara magana. Da farko in na hau ta ɗumama sai ta yi shiru. Daga baya ta daina yin shirun.

Kullum in na ɗauko kifi ta ƙofar makarantarsu nake bi, kullum kuma Malam Sule yana tsaye yana jirana. Ya ce, "Buba, ina gajiya?" In ce, "Ba gajiya, Malam." Ya ce, "Ya ƙafa?" In ce, "Alhamdu lillahi." Har ranar da ya riƙe mini kan keke ya ce, "Ka ga, ba gaisuwa nake yi maka ba, tambayarka nake yi." Na gane abin da yake nufi sarai. Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau, Malam." Gwiwar kuwa a kumbure take cikin wando. Tunda na ce lafiya lau, mutumin ya yi abin da ya kamata ya yi wa mai lafiya, ya ƙara mini hawa.

A wani hawa kafin a shiga Tudun Wada gwiwar ta yanke. Na miƙe a kan feda zan taka, na ji wani abu ya ba da ƙara a ciki, sai ga ni a ƙasa. Wani mai amalanken shanu ne ya ɗora ni a kan buhunan masara, ni da keken. An je wurin mai ɗori ya ce ba karaya ba ce, an je asibiti suka ce jijiya ce ta daɗe tana cinyewa. Tafiya ta dawo, hawa keke a hankali ya dawo, tsere bai dawo ba. Wannan ɗingishin da ka taso ka gan ni da shi, wanda yara suke kwaikwayo in na ba su baya, daga nan yake.

Malam Sule ya zo duba ni. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗaga zanen da aka rufa mini, ya daɗe yana kallon gwiwar. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun shukar fari. A lokacin kuwa gero har ya fara fitar da kai. Sannan ya ce, "Buba, da ka faɗa mini, hutu kawai zan ba ka. Takardar nan ba ta gani. Ni ma abin da ka gaya mini shi nake gani." Na ce, "Malam, kai babba ne. Ka tsaya a rana ka tambaye ni gajiya, in buɗe baki in ce da ita?" Ya goge idonsa da bakin riga. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi hawaye a kaina ba sai ranar.

Na daɗe ina tunanin inda na samo wannan shirun. A rugarmu ta wajen Ɗansoshiya na same shi. Kakanka, mai sunanka, ban taɓa jin ya ce yana jin yunwa ba, ko ya ce wani wuri yana masa ciwo, har Allah ya karɓi ransa. Haka aka tashe mu, fulako, namiji ba ya nuna gazawa a gaban na gaba da shi. In ƙaya ta soke ka a wurin kiwo ka cire ka ci gaba, in ka dawo aka tambaye ka ka ce lafiya. Kuma ba mu kaɗai ba, duk ƙasar nan haka take, mara lafiya yana kwance rai a hannun Allah in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi. Hali ne mai kyau, ba na zaginsa, shi ya sa muke iya zama da juna ba a cika kunnen kowa da kuka ba. Amma ka ji abin mamaki. Shi wannan kakan naka, kullum da safe kafin a saki shanu sai ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya yana kallon yadda kowace take taka ƙasa. Yana da tsarinsa da ba ya sauyawa, lokacin fita, lokacin shayarwa, lokacin da za a kwantar da su a inuwa. Amma in ya ga sa yana ɗaga ƙafa, ranar ba za a ɗaura masa garma ba ko da gonar za ta kwana ba a yi huɗa ba. Yana iya yin haka ne don sa ba ya jin nauyin kowa, in ƙafarsa tana ciwo sai ya yi ɗingishi a gaban mai shi. Kocinka ba zai zagaya ku ɗaya bayan ɗaya a masallaci yana kallon sujadarku ba. Ku da yawa ne, kuma bai san ka ba. Abin da bakinka ya ba shi, da shi zai yi maka tsari.

Kuskurena na uku a kanka na yi shi, kuma shi ya fi damuna.

Bayan na buɗe shago, duk wanda ya tambaye ni abin da ya sami ƙafata sai in ce takardar bature ce ta karya ni, da jikina na bi da yanzu ina nan ina tsere. Ya fi sauƙin faɗa, kuma ana dariya ana jinjina mini. Kai kuma kana zaune a kan benci kana wasa da ƙwallayen ƙafar keke, kunnenka yana sha. Ban taɓa zama na ce maka ka ƙi tsari ba, amma ka ji shi a bakina ya fi a ƙirga.

Sannan akwai wata rana a bakin dam, lokacin sanyi, kana ɗan yaro. Masunta sun fara koya maka iyo, ka bi su ka dawo, ka sake bi ka dawo. Ka fito leɓenka yana rawa, ƙirjinka yana sama yana ƙasa. A gaban mutane na ce, "Ka gaji?" Ka dube ni, ka dubi mutanen, ka ce, "A'a." Aka yi ta cewa ɗan Buba ne, jini ba ya ɓuya. Ni kuwa na ji daɗi, Abba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji, har na saya maka rake a hanya. Abin da ya kamace ni shi ne in cire rigata in lulluɓe ka, in ce ƙarya kake yi, ka gaji, kuma ba laifi ba ne. Tun daga ranar ban sake jin ka ce ka gaji ba. Da na gan ka kana dafa ƙasa a masallaci, ranar nan ce ta fara faɗo mini a rai.

To ga abin da nake so ka yi, ni da na faɗa ramin hagu na fito na faɗa na dama.

Ka bi tsarin kocinka. Abubuwa uku za ka haɗa a jiki ɗaya, ni guda ɗaya ma ya fi ƙarfin dabarata. Ba ka da yadda za ka san da kanka ranar da ya kamata ruwa ya ci ƙarfinka da ranar da za a bar wa keke, shi aikinsa ke nan. Na ji ya ce iyonka na masunta ne, kana ɗaga kai sama kamar mai neman inda ya jefa komar kifi, zai sauya maka shi. Ka bar shi ya sauya. Za ka ji kamar ka koma baya, za ka sha ruwa, yaran birni za su yi maka dariya. Ba komai, masunta sun koya maka rashin tsoron ruwa, wannan ba mai ƙwace maka shi. Agogon nan kuma da ya ce za a ɗaura muku, mai ƙirga bugun zuciya, wanda na yi maka tsiya na ce ko zuciyar ma sai an sa mata mai gadi, ka manta da tsiyata ka ɗaura. Da ina da irinsa a hawan Doguwa wataƙila da ya tsawata mini.

Amma kada ka miƙa masa jikinka ka juya baya kamar yadda na yi. Ka koyi bambanta gajiya da ciwo, don ni sai da na rasa gwiwa na iya. Gajiya tana bazuwa ne a ƙafa biyu, in ka ci ka yi barci da safe ta ragu. Ciwo wuri ɗaya yake zama, kana iya nuna shi da yatsa, kuma yana sauya maka tafiya. Na farkon a yi haƙuri da shi, shi ne aikin. Na biyun a kai shi gaban koci tun yana ƙarami. Haka in zazzaɓi ya taɓa ka, ko ka ga barci ya ƙi, ko abinci ya fita ranka, ko ka ga kana jin haushin kowa ba dalili, duk ka faɗa. In azumi ya zo ka zauna da shi ku gyara jadawalin tare, kada ka ce za ka yi na mai ci da sha don kada a ce ka cika uzuri. Kuma kwanan da ya wuce ka ya wuce, ba a rama shi.

Na san yadda abin zai yi maka nauyi, don haka bari in sa maka maganar a baki. Ka gaishe shi yadda aka koya maka, ka rusuna, in ya ce ya hanya ka ce lafiya lau, wannan gaisuwa ce, a ba ta haƙƙinta. In an gama sai ka ce, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake so ka sani kafin mu fara. Gwiwata ta hagu tana ciwo tun farkon damina." Shi ke nan. Ka nuna masa wurin da yatsa. Kada ka ƙara da "amma da sauƙi," na san bakinka zai so ya ƙara. Ba rashin kunya ba ne, ba raki ba ne. Mutumin da ya ɗauki amanar jikinka, ɓoye masa shi ne cin amanar, kuma ni na ga abin da hakan ya yi wa Malam Sule. Har ya bar garin nan, in ya hango ni ina ɗingishi sai ya kawar da kai.

Wataƙila ya ce a duba ta, a ba ka hutu, ka riƙa iyo kafin ta warke, ka ci gaba da zama cikinsu. Haka nake roƙon Allah, kuma haka nake zato, don ciwon da aka kama da wuri ba ya kai inda nawa ya kai. Wataƙila kuma ya ce ba su da wurin mai jinya, ka koma gida sai wata shekara. Na san abin da wannan yake nufi a wurinka. Na ga yadda kake fita tun gari bai gama wayewa ba, na ga yadda aka yi ta shigowa gidan nan ana yi mana murna, har da waɗanda a da suke cewa ɗan Buba ya rasa aikin yi sai tsere da iska. Na san fuskokinsu kake gani in ka rufe ido. Ni ma ina son ka tsaya a gaban jama'a a kira sunanka, ina so ƙwarai, wataƙila fiye da yadda ya kamata. Amma na fi son in ga ka kai shekaruna kana durƙusawa a sahu ba ka nemi bango ba. Ina ƙaunarka, Abba. Ban taɓa faɗa maka ba, kuma in ka dawo kada ka sa ran zan maimaita da baki, amma ga shi a rubuce.

In sun ce ka dawo, abu ɗaya nake roƙonka. Ni ranar da na sha kaye a tseren farko, a tasha na zauna bayan wata rumfa har sai da aka watse, don kada kowa ya ga shigowata gari. Kai kada ka yi haka. Ka shigo motar da za ta sauke ka da rana tsaka, ka kira ni tun kuna hanya. Zan rufe shago in zo tasha da kaina. Ni zan sauke maka keken, ni zan tura shi, mu bi ta tsakiyar kasuwa, kai da ɗingishinka ni da nawa. Duk wanda ya tare mu ya ce me ya faru, ba kai za ka amsa ba. Ni zan ce masa an tambayi ɗana ya faɗi gaskiya, abin da ubansa ya kasa yi.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci, ka riƙe salla a kan lokacinta. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya haɗa ka da koci mai tausayi da abokai na gari, ya buɗe maka baki a inda ya kamata. Allah ya tsare ka a ruwa, ya tsare ka a kan titi, ya dawo mana da kai da ƙafafunka biyu. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Buba mai keke, Tiga.